Ina zan samu taimakon daina ƙwaya da giya a Bauchi ba tare da asirina ya tonu ba?

Baƙon_Wunti:

Assalamu alaikum. Dan Allah kafin kowa ya fara zagi ya daure ya karanta har ƙarshe. Sabon akawun ne wannan, saboda tambayar nan kaɗai na buɗe shi.

Ni saurayi ne a nan cikin garin Bauchi, ina da ɗan shagon da nake zama, kuma ni dai maza nake so, haka na taso na tsinci kaina, a gidanmu ba wanda ya sani. Ba wannan na kawo a tattauna ba, na san abin da mafi yawanku za ku ce, tun ina yaro nake jin shi a masallaci da majalisa. Shaye-shaye ne ya kawo ni. Da sirof na fara tun ina makaranta, da gwamnati ta hana kodin a 2018 ya yi tsada sai na koma tiramol, yanzu in ban sha da safe ba ko shago ba na iya buɗewa, ga ciwon jiki ga hamma ga hanci na zuba ga gudawa. Da daddare kuma bacci ba ya zuwa sai na sha giya, wani lokacin in haɗa da roci, ƙwayar nan ta sa bacci. Kwanan baya na faɗi ina jijjiga a ɗakin wani abokina, shi ya ba ni labari bayan na dawo hayyacina, kuma ni ban taɓa farfaɗiya ba a rayuwata.

Wlh ina so in daina, na gaji. Amma tsoron asibiti nake, don na san likitan ƙwaƙwalwa sai ya tambaya me ya sa ka fara, me ke damunka, me ya hana ka aure, ga garin namu kowa ya san kowa, mai ba da kati ma sai ka ga ɗan unguwarku ne. Kowa ya tuna 2014 da mutane suka yi ta jifan kotu a garin nan suna neman a miƙo musu waɗanda aka kama, ga hukuncin jifa da kotun Ningi ta yanke wa mutum uku a 2022. To wa zan faɗa wa? In na ce a gida ina shaye-shaye na san Baba gidan mari zai ce a kai ni. Abokan da suka san ni ciki da bai kuma duk tare muke sha.

Akwai inda irina zai je a yi mishi magani asirinshi a rufe? Dole ne sai na faɗa wa likita komai? Ko zan iya kulle kaina a ɗaki in daina ni kaɗai?

Anti_Nas_Gombe:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gombe kuma na yi aiki da masu shaye-shaye, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ta fi tayar min da hankali. Kada ka kulle kanka a ɗaki ka yanke komai rana ɗaya. Tiramol in ka bar shi za ka sha wuya sosai na kamar mako guda, abin da ka lissafa ɗin nan na hamma da gudawa da ciwon gaɓoɓi, amma da wuya shi kaɗai ya yi kisa. Giya da roci su ne masu haɗari. Wanda jikinshi ya saba da su kullum in ya yanke farat ɗaya zai iya faɗuwa yana jijjiga, kuma kwana biyu zuwa uku bayan shan ƙarshe wasu sukan rikice, rawar jiki, gumi, zazzaɓi, suna ganin abin da babu, wannan yana kashe mutum in ba a asibiti yake ba. Su roci da diyazafam a hankali ake rage su bisa tsarin likita.

Faɗuwar da ka yi kuwa ina kyautata zaton tiramol ne, an san shi da jawo jijjiga in an sha da yawa ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Wanda aka yarda a sayar a Najeriya mai miligiram 50 ne da mai 100, na bayan fage kuma sai ka ga 200 ko 225, kuma ba wanda ya san ainihin abin da ke ciki. Sannan haɗa shi da giya da roci a dare ɗaya yana danne numfashi, irin wanda ake cewa ya kwanta lafiya aka wayi gari babu shi. Tun daga yau ko ba ka daina komai ba ka daina haɗa su.

Wurin zuwa akwai. Asibitin koyarwa na ATBU a nan garinku yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe ma yana da shi. In idon sani kake gudu ka shiga mota ka zo Gombe ko ka tafi Jos, duk tafiyar yini ce ka je ka dawo. In abin ya kai ga kwanciya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa a Kaduna, suna karɓar masu shaye-shaye. Kuma ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa zuwa suke suna komawa gida. Ba sai ka shiga kana tambayar ina ne ɓangaren ƙwaƙwalwa ba ma, ka yanki kati ka ga likitan farko ka ce na faɗi ina jijjiga kuma ga abin da nake sha, shi zai tura ka.

Abin da dole ka faɗa wa likita tsakani da Allah: me kake sha, nawa a rana, tun yaushe, yaushe ne na ƙarshe, ko kana allura, ko kana kan wani magani. A nan kada ka rage ko ƙwaya ɗaya don da wannan lissafin ake tsara maganinka. Wanda kake so a zuciyarka kuwa ba ya cikin lissafin. In ya tambayi me ke damunka za ka iya cewa ina da damuwa mai nauyi da ba na iya faɗa yanzu, ba na bacci, ina cikin tsoro kullum, duk gaskiya ne kuma ya ishe shi ya fara aiki.

Ta fuskar doka, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininshi a rubuce ko umarnin kotu da 'yan dalilai makamantan haka, ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Amma ba zan ruɗe ka ba, fayil hannu da yawa yake bi, kuma mu ma'aikata mutane ne, akwai mai riƙon amana akwai mai baki. Shi ya sa nake cewa ka fara da shaye-shayen, ka yi ta lura da likitan, in wata rana ka natsu da shi ka faɗa mishi da baki ka roƙe shi kada ya rubuta. In ba ka natsu ba ka bar abinka a cikinka, maganin zai ci gaba. Ka kuma yarda a yi maka gwajin HIV da ciwon hanta, duk mai shaye-shaye ake ba wa wannan shawarar, ba wanda zai zargi komai don ka yi.

Kuma layin da za ka shiga cike yake da 'ya'yan mutane. Binciken da aka yi da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan suna ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin ne, mu nan Gombe ma kusan mutum ɗaya cikin biyar. Ba wanda zai kalle ka ya ce ga dalilinka daban.

Sarkin_Yaƙi01:

Kai dai ka tuba kawai. Duk wannan dogon bayanin ba shi da amfani in ba ka bar wancan ba, shi ne ya jawo maka.

Abu_Hafsa:

Malam Sarkin Yaƙi a yi a hankali. Ni ma matsayina a kan wancan al'amarin shi ne matsayin malamanmu, ban canza ba kuma ba zan ɓoye wa yaron nan ba. Amma me ya tambaya? Mutum ya ce yana faɗuwa yana jijjiga, yana neman hanyar barin giya da ƙwaya, wato yana neman barin saɓo ne da bakinshi, sai mu rufe mishi ƙofa? Tuban da kake kira mishi ai sai da rai da hankali ake yin shi.

Ya tabbata a Bukhari cewa akwai wani sahabi da ake yawan kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Kuma wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa mishi ranar ƙiyama, wannan ko ɗan Islamiyya ya san shi. To ina jan kunnen duk wanda ke karanta wannan yana ƙoƙarin gano ko waye, ya ji tsoron Allah.

Ɗana, ka bi abin da Anti Nas ta faɗa maka. Ka riƙe sallah ko da ka sha jiya, kada shaiɗan ya ce maka ai kai ka riga ka lalace me za ka je yi masallaci. Addu'a da ruƙiyya ka yi, amma kada wani ya ce maka aljani ne ka bar asibiti, jijjigar tiramol likita ke duba ta. Allah ya ba ka lafiya ya shirye mu baki ɗaya.

Na_Azare_a_Jos:

Ɗan'uwa sannu. Ni ma mai harka ne kamar ka, ɗan Azare, yanzu ina Jos, kuma na bi wannan hanyar, nawa ma har da fenta, allurar nan ta kashe zafin ciwo. Yau ba na shan komai alhamdulillahi, shi ya sa na ce sai na yi magana.

Masu cewa wancan ne ya jawo maka ba su san yadda abin yake ba. Tsoro ne yake jawowa. Ka tashi da safe kana lissafin yadda za ka yi tafiya, yadda za ka yi magana, kada hannunka ya motsa yadda za a ce ɗan daudu, waya ta yi ƙara gabanka ya faɗi, a gida kullum maganar aure ga ƙannenka sun fara yi, Hajiya na kuka tana cewa ko asiri aka yi maka, ka je majalisa ana zagin irinka kai ma ka taya su don kada a gane. Wa zai yi shekaru a haka bai nemi abin da zai kashe mishi tunani da daddare ba? Sannan wuraren da muke iya haɗuwa mu saki jiki duk wuraren sha ne, ɗakin wani ko bayan gari, to sai shan ya zama shi ne zumuncin. Abin da ya fi min wuya kenan, ba ciwon jikin ba. Ciwon jiki ya wuce, amma ranar da na daina sai na ga ba ni da wurin zuwa da yamma kuma ba wanda zan kira.

Don haka tun kafin ka fara ka nemi mutum ɗaya wanda ya san ka kuma ba ya sha. Akwai su a cikinmu, ba su da hayaniya ne kawai shi ya sa ba ka lura da su. Abokan sha ba sai ka yi faɗa da su ba, kuma kada ka yi, don wanda ya san sirrinka ba a rabuwa da shi da tsiya, ka ce musu likita ya ce in ka sake sha za ka iya mutuwa, gaskiya ce ai, ka rage zuwa a hankali. Mai sayar maka ka biya shi duk bashin da yake bin ka sannan ka goge lambarshi.

Kada ka tsaya neman ƙungiya mai allo a ƙofa a Bauchi, ba za ka gani ba. Dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta sa ɗaurin shekara 10 ga mai kafa ko shiga ƙungiyar irinmu, ga shari'ar jiha a kai, to duk mai taimako a ɓoye yake yi. Inda na fi samun waɗanda ba sa ɗaga gira su ne masu ba da shawara a wuraren gwaji da maganin HIV da ƙungiyoyi ke gudanarwa, sun saba da mu, kuma sukan san likitan da ba ya wulaƙanci. Amma ta bakin wanda ka daɗe da sani za ka nemi hanyar, ba ta wanda ya faɗo maka a intanet ba.

A nan zan ja kunnenka sosai. Bayan wannan rubutun naka za a shigo maka inbos, wani zai ce shi likita ne, wani zai ce shi ma irinka ne ku haɗu a Yelwa ko Gwallameji ku yi magana. Kada ka je, kada ka tura hoto ko lamba. 'Yan kito, masu yaudarar irinmu su kama mutum su tatse shi da barazanar tona asiri, haka suke farauta, kuma wanda yake cikin maye ko yake neman taimako ido rufe shi suka fi samu. Ni ma nan kada ka neme ni, duk abin da zan faɗa maka a fili zan faɗa.

In kana jin Turanci akwai tarukan Narcotics Anonymous da Alcoholics Anonymous, ƙungiyoyin masu ƙoƙarin barin ƙwaya da giya, ta Zoom kusan kowane lokaci, kyauta, har da waɗanda aka ware wa irinmu. Ka sa sunan da ka ga dama, ka kashe kyamara, ka sa abin kunne, ba dole ka yi magana ba. Ranar da na fara jin wani ƙato a wata ƙasa yana faɗin abin da ke cikina da bakinshi ba tare da ya rage murya ba, kuka na yi. Data kawai yake ci. NDLEA ma suna da layin kyauta na masu neman shawara, 0800 1020 3040, za ka iya kira ka yi maganar ƙwaya, amma ka tuna hukuma ce, maganar ƙwaya kaɗai.

In ka haɗu da likitan da ya gane ya kuma bar maganar tiramol ya koma wai zai yi maka maganin son maza, ka canza likita. Hukumar lafiya ta duniya ta cire shi daga jerin cututtuka tun 1990, babu allura ko ƙwayar da ke canza shi, lokacinka da kuɗinka kawai za a ci.

Na ƙarshe, in ka daina na ɗan lokaci sai ka zame ka koma, yana faruwa da yawancinmu, kada ka sha adadin da ka saba sha da, jikin ya riga ya sauka ba zai ɗauka ba, a nan ake rasa mutane. Ka koma wurin likitan ka faɗa mishi.

Maman_Ilham:

Ni ta ɓangaren gida zan yi magana. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ya yi shaye-shaye, babanmu ya kai shi irin gidan da kake tsoro, ba zan faɗi wurin ba. Ya dawo da tabon mari a ƙafa, ba ya haɗa ido da kowa, kuma bai daɗe ba ya koma sha fiye da da. Iyaye ba mugunta ke sa su ba, ba su san wata hanyar ba ne, ko bayan abin da aka gano a Rigasa a 2019 da aka fito da mutum sama da 300 wasu da sarƙa, har yau ana kaiwa. Sai da muka kai shi asibiti aka gano akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin shan, aka haɗa da maganinshi, sannan muka ga sauƙi.

Shawarata ƙanena, ka riga su. In kai ka fara zuwa asibiti da ƙafarka ka dawo da kati da magani, maganar gidan mari ta mutu, don za ka ce Baba ga shi ina ganin likita. In kuwa faɗuwa ka yi a shago aka kwaso ka, to su za su yanke shawara ba kai ba. Kuma ka samu mutum ɗaya a gida, yayarka mace ko Hajiya ko wata gwaggo mai riƙe magana, ka faɗa mata maganar ƙwayar kawai, don kana bukatar mai raka ka da mai lura da kai da daddare a makon farko. Sauran maganar taka ce. Ni da ƙanina zai zo min da irin taka ban san me zan ji ba gaskiya, amma na san ba zan so in binne shi ba.

In an taso da maganar aure a ce shi ne maganin shaye-shaye, ka ce sai ka warke tukuna. Kada ka yarda a ɗaura maka 'yar mutane a wannan halin.

Baƙon_Wunti:

Ngd sosai, Allah ya saka. Baba Abu Hafsa na ji kuma na gode da ba ka kore ni ba. Inbos kam har sun fara shigowa, ban buɗe ba. Ina ganin Gombe zan je, akwai yayata da ke aure a can zan ce mata maganar ƙwayar. Anti Nas dan Allah kafin in samu zuwa me zan yi, tunda kin ce kada in yanke? Kuma in na sake faɗuwa me zan ce wa abokina ya yi, don wancan karon cokali ya tura min a baki har haƙorina ya ɓalle.

Anti_Nas_Gombe:

Kada ka ja lokaci, cikin makon nan ka zo, wanda ya riga ya yi jijjiga sau ɗaya zai iya sakewa kowane lokaci. Kafin nan kada ka ƙara a kan abin da kake sha, kada ka haɗa giya da roci da tiramol a lokaci ɗaya, kada ka sha kai kaɗai a ɗaki a kulle, kuma ka bar tuƙa mashin da hawa wuri mai tsawo. Kada ka je kemis a haɗa maka maganin dainawa, yawanci diyazafam ko firegabalin za su ba ka ka fita daga wani ka shiga wani.

Abokinka ka ce mishi ba a sa komai a bakin mai jijjiga, ba cokali ba yatsa ba ruwa, kuma ba a danne shi. Ya janye abin da zai ji maka ciwo, ya sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kanka, in ta lafa ya juya ka ka kwanta ta gefe don kada amai ya shaƙe ka. In ta wuce minti 5, ko ta tsaya ta sake dawowa, ko ya ga numfashinka ya yi ƙasa sosai leɓe ya canza launi ba ka tashi in an girgiza ka, ya sa ka a Keke Napep zuwa ɓangaren gaggawa nan take, ya faɗa musu abin da ka sha, akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin irin su tiramol da kodin a kan numfashi. Kada ya tsaya ba ka madara ko manja.

Ranar zuwa ka fito da sassafe don layin kati, ka taho da kuɗin kati da na gwaji da na magani, ka riƙo fankon abin da kake sha ko ka ɗauki hotonshi a waya likita ya ga mai nawa ne. In yayarka za ta raka ka, kana da damar ka ce ta jira a waje lokacin da za ka shiga wurin likitan.